Sousa na Tarihi da Sousa na Sinima

A cikin shekarar 1952, lokacin da Amurka ke tsakiyar yaƙin Koriya, kamfanin 20th Century Fox ya fito da wani fim mai launi a kan rayuwar John Philip Sousa, wanda Amurkawa ke yi wa kirari da sarkin kiɗan maci. Sunan fim ɗin Stars and Stripes Forever, watau sunan shahararren takensa. Henry Koster ne ya ba da umarni, Clifton Webb kuma ya fito a matsayin Sousa. An ce an gina labarin a kan littafin da Sousa ya rubuta na tarihin kansa a 1928, amma duk wanda ya ajiye littafin kusa da fim ɗin zai ga ratar da ke tsakaninsu.

An haifi Sousa a birnin Washinton a 1854. Ubansa mai busa ƙaho ne a badujalar rundunar Marin. Da yaron ya kai shekara 13 sai ya ƙudura gudu ya bi ayarin 'yan wasa masu yawo gari gari. Uban ya ji labari, ya kai shi bariki aka rubuta shi ɗan koyo. A 1880 ya zama shugaban wannan badujala, ya yi wa shugabannin ƙasa biyar aiki, sa'an nan a 1892 ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyarsa ta farar hula. Wannan ƙuruciya, wadda ita ce mabuɗin fahimtar mutumin, fim ɗin ya tsallake ta, ya soma da Sousa ya riga ya yi gemu.

Abin da aka cike gurbin da shi kuwa soyayya ce. An ƙago wani saurayin soja, Willie Little, da budurwarsa, aka ɗora musu rabin labarin. Har ma aka ce saurayin ne ya ƙirƙiro babban ƙahon nan da mabushi ke ratayawa a kafaɗa, mai suna susafon, alhali kuwa kamfanin J. W. Pepper na Filadelfiya ne ya fara ƙera shi bisa shawarar Sousa kansa. Wannan karambani ne, amma mai sauƙi. Wanda ya fi shi nauyi shi ne yadda aka jingina babban taken ga yaƙin Amurka da Sifen na 1898. Sousa ya tsara shi ne a ƙarshen 1896, yana cikin jirgin ruwa kan hanyar dawowa daga Turai bayan ya sami labarin mutuwar manajansa David Blakely, aka kuma fara busa shi a 1897. Taken da ya fito daga juyayi da begen gida, sai aka mai da shi ɗan yaƙi, domin abin da 'yan kallon 1952 ke bukata ke nan, su da 'ya'yansu ke bakin daga.

Akwai kuma wani Sousa da masu fim ba su taɓa ba. A 1906 ya rubuta maƙala yana kukan cewa garmaho zai kashe kiɗa da waƙar da mutane ke yi da kansu a gidajensu, ya kuma je gaban majalisar ƙasa yana neman a riƙa biyan masu tsara kiɗa haƙƙinsu daga cinikin faifai. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta amsa wani ɓangare na wannan kuka. Ya mutu a 1932, shekara ashirin kafin fitowar fim ɗin, kuma sai a 1987 majalisar ta mai da taken ya zama kiɗan macin ƙasa a hukumance.