Motsa jiki a gaban likita: Abin da ya kamata a sani bayan bugun zuciya

Bugun zuciya yana faruwa ne idan jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciya ta toshe, wani sashe na tsokar ya lalace saboda rashin iskar oksijin. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini su ne kan gaba wajen jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kusan mutum miliyan 18 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Daga gado zuwa tattaki

A da, likitoci kan kwantar da mai wannan ciwo har mako shida. A 1952 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera tun da wuri ya fi masa amfani. Daga nan aka gane cewa doguwar kwanciya tana raunana jiki, tana kuma sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

Yadda shirin yake

Matakin farko a asibiti ake fara shi: zama, miƙewa, sai ɗan taku a ɗaki. Mataki na biyu yana zuwa bayan sallama, yawanci sau uku a mako har tsawon mako 12. Majinyaci zai yi tattaki ko ya tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, likitan fisiyo yana auna jininsa da bugawar zuciyarsa kafin atisaye da lokacinsa da bayansa. Mataki na uku a gida ne, kuma na tsawon rai. Bincike ya nuna shirin yana rage komawa asibiti da sake kamuwa da ciwon.

Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya iya magana yana cikin tafiya. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alama ce ta a tsaya nan take a nemi likita.

Manomin Kura da Bunkure

Ga manomin rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, batun ya shafi abin da iyali za su ci. Wasu na ganin aikin gona ya wadatar a matsayin motsa jiki, amma huɗa, gyaran kwalbati da ɗaukar buhun shinkafa a zafin bazara yunƙuri ne na lokaci guda da ke takura zuciyar da ba ta warke ba. Likita ne zai faɗi ranar komawa gona, da aikin da za a fara da shi.

Ƙwararrun likitocin zuciya da na fisiyo sun fi yawa a manyan asibitocin birni, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Wanda ke Kumbotso yana kusa da su. Na ƙauyukan Kura da Bunkure kuwa sai ya biya kuɗin mota sau 36.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Tambayar da ta dace a yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa ita ce: cibiyoyin lafiya nawa ne a mazaɓunsu ke da ma'aikacin da aka horar kan kula da mai jinyar zuciya?