Budurwar Allo: Ta Marubuci Ce Ko Ta Mai Karatu?

A shekarar 1994 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wasan Tokimeki Memorial a kan na'urar PC Engine. Mai wasa ɗalibin sakandare ne da ke da shekara uku a gabansa, kuma a harabar makarantar akwai wata bishiya da ɗalibai suka yi imani cewa soyayyar da aka furta a gindinta ranar kammala karatu ba ta mutuwa. Tauraruwar wasan ita ce Shiori Fujisaki, maƙwabciyarsa da suka taso tare. Sai dai samun ta ba wasa ba ne. Dole yaro ya yi fice a karatu da motsa jiki da zane da iya ado, duka a lokaci guda. In ya yi gaggawar neman raka ta gida tun bai kai ba, sai ta ƙi, wai tana gudun tsegumin ƙawaye.

Wannan ƙin ya raba kan masu wasa. Wasu suka ce girman kai ne, yarinyar da kuka yi wasan ƙasa tare yau tana jin kunyar a gan ku a hanya ɗaya. Wasu suka ce kamun kai ne da sanin ciwon kai. Har laƙabi aka yi mata na dodon ƙarshe, irin wanda ake karawa da shi a ƙarshen wasannin yaƙi. Shiori ba ta da dogon labari a rubuce, 'yan jimloli ne da sharuɗɗa na lissafi, amma masu wasa suka cike giɓin da fahimtarsu. Tun daga nan ake ja-in-ja tsakanin masu rubuta irin waɗannan taurari da masu karanta su, a kan wane ne ya fi sanin zuciyar yarinyar da ke kan allo.

Tokimeki Memorial wasan tsara jadawali ne, ba littafi ba. Littafin allo, wanda Japanawa ke kira bijuaru noberu, ya biyo wata hanyar daban. Kamfanin Chunsoft ne ya share fage a 1992 da Otogirisou, labarin ban tsoro da ake karantawa a talabijin tare da sauti. A 1996 wani ƙaramin kamfani mai suna Leaf ya fitar da Shizuku da Kizuato, ya kuma sa wa jerin sunan da ya bi nau'in har yau. Tsarin ba shi da wuya: hoton wuri a baya, tauraruwa a tsaye a gaba tana sauya fuska, rubutu yana fitowa layi bayan layi, kiɗa yana tashi a hankali. Can sai labari ya tsaya, a ba mai karatu zaɓi biyu ko uku. Yawancin na farkon da aka yi wa kwamfuta na manya ne zalla, kuma sai an cire fitowar batsa kafin a mayar da su kan na'urorin wasa na gida, inda suka sami ɗimbin masu karatu.

Abin da ya bambanta wannan nau'i da littafin takarda shi ne rabuwar hanya. Kowa yana farawa da babi ɗaya, amma zaɓin da ya yi ta yi zai karkata shi zuwa ga yarinya guda, sauran su koma gefe. Kowace tauraruwa tana da hanyarta, da sirrinta, da ƙarshe mai daɗi da mara daɗi. Marubuci yana ganin taswirar gaba ɗaya. Mai karatu kuwa ta ƙofa ɗaya ya shigo, kuma wadda ya fara sani ita ce ke zame masa ta gaskiya.

Leaf sun ga haka da idonsu a 1997. A To Heart, wadda aka sa a gaba ita ce Akari, abokiyar ƙuruciya mai haƙuri da iya girki. Amma wadda ta sace zukata ita ce Multi, mutum-mutumin aikin gida mai koren gashi da aka kawo makaranta don gwaji. Ba ta iya komai sosai ba. Za a same ta ita kaɗai tana goge baranda da tsumman sanda bayan ɗalibai sun zame sun bar mata aiki, tana murna an ba ta abin yi, kwanakin gwajinta kuma suna ƙarewa. Maza da suka sayi wasan don wata manufa daban suka tsinci kansu suna sharar hawaye a kan injin shara. Kasuwa ta lura. Kamfanin Key ya gina sunansa kacokan a kan labarin sa kuka, ya fara da Kanon a 1999, wanda Naoki Hisaya da Jun Maeda suka rubuta.

Kanon ya zo da wata damuwa da masu karatu suka daɗe suna tattaunawa. 'Yan mata biyar ne a wani gari mai dusar ƙanƙara, kowace da masifar da ke jiran ta: ɗaya tana fama da ciwon da likitoci suka yanke ƙauna, ɗaya mahaifiyarta za ta yi haɗarin mota, ɗaya tana kwance a asibiti shekara bakwai ba ta farfaɗo ba. Wadda ka zaɓa kana tare da ita har ƙarshen jarrabawarta. To sauran huɗun fa? In ka bi hanyar wannan, shin mara lafiyar can ta mutu ke nan ba ka sani ba? Masu karatu suka fara jin zaɓi a matsayin laifi, abin da mai karanta littafin takarda bai taɓa ɗauka a wuyansa ba.

A 2001 masanin falsafa Hiroki Azuma ya fitar da littafi a kan masu sha'awar irin waɗannan kaya, inda ya kawo wani bayani mai zafi. A ganinsa, matasan ba labari suke saye ba, siffofi suke tsinta daga rumbu: kunnen kyanwa, tabarau, kayan 'yar aiki, gashin da ya miƙe tsaye a ka, wani salon magana. A haɗa uku ko huɗu, an sami tauraruwa. Kalmomin da masu karatu suka ƙirƙiro a lokacin sun ba shi gaskiya ta wani ɓangare. Tsundere ita ce mai tsiwa a fili, mai taushi a ɓoye, kuma ana yawan danganta yaɗuwar kalmar da hirarrakin masoyan Kimi ga Nozomu Eien na 2001. Yandere ita ce wadda so ya zautar har ta ɗauki wuƙa, irin abin da School Days na 2005 ya yi suna da shi. Marubuta suka karɓi waɗannan laƙubba suka mayar da su tarko. A nuna maka yarinya ka ce ai ka san irinta, sai an yi nisa a juye maka ita.

Mata ba su zauna kallo ba. A shekarar da Shiori ta fito, Keiko Erikawa ta kamfanin Koei ta tara ƙungiyar mata mai suna Ruby Party suka yi Angelique, wanda ake ɗauka shi ne farkon wasannin otome, wato na 'yan mata. Budurwa ce ke takarar zama sarauniyar sammai, da maza tara masu tsaron mulkin suna taimaka mata. In ta karɓi soyayyar ɗayansu, ta haƙura da gadon sarauta. A wannan ɓangaren muhawarar ta ɗauki wani salo: jarumar labarin ni ce, ko wata ce dabam da nake kallo? Masu son su sa kansu a ciki sun fi son jaruma mara yawan magana. Masu son kallo daga gefe suna ƙorafin cewa an ba su 'yar tsana.

Amnesia na kamfanin Otomate, wanda ya fito a 2011, ya tura wannan tambaya har bango. Jarumar ta farka ba ta tuna komai, ko suna sai wanda mai karatu ya raɗa mata. A hanyar Toma, wanda take ɗauka kamar yaya, sai ya fara zuba mata maganin barci, daga baya ya kulle ta a keji, yana cewa kare ta yake daga masu cutar da ita. Wasu masu karatu sun rufe wasan a nan, suna cewa an shafa wa zalunci turare. Wasu sun ce sun san sarai mugun hali ne, kuma daɗin ƙagaggen labari shi ne a leƙa rami ba tare da an faɗa ba. A Hakuoki na 2008 kuwa, samarin mayaƙan Shinsengumi ne na tarihi. Mai karatu ta san tarin fuka ne ya kashe Okita Soji, ta san Hijikata Toshizo ya faɗi a Hakodate a 1869, don haka kowace kalma mai daɗi da tsoron abin da ke tafe take karanta ta.

Marubuta ba su yarda a ƙwace musu taurari haka kawai ba. Makaminsu shi ne kulle hanyoyi da ƙirƙiro ƙarshe na gaskiya. A Fate/stay night na 2004, Kinoko Nasu bai bar zaɓi a buɗe ba: sai ka gama hanyar Saber za a buɗe ta Rin, sai ka gama ta Rin za a buɗe ta Sakura. Wanda ya yi sa'o'i masu yawa yana ganin Sakura a matsayin yarinya mai shiru da ke zuwa dafa abincin safe, sai a hanya ta uku ya gano azabar da take sha a gidan da aka ba da ita riƙo, ya kuma gane cewa a hanyoyi biyun farko ya wuce ta bai waiwaya ba. A Clannad, shi ma na 2004, sauran hanyoyin tsani ne. Kowace tana ba da ɗigon haske, kuma sai an tara su za a kai ga ƙarshen da babbar tauraruwar, Nagisa, ta rayu bayan haihuwa. Masoyan Kyou da na Tomoyo, biyu daga sauran taurarin, sun karanta saƙon: taku ma tana da kyau, amma uwargida guda ce.

Wani lokaci rikicin yakan yi muni. Da Kakyuusei 2 na kamfanin Elf ya fito a 2004, aka tarar Tamaki, abokiyar ƙuruciya kuma babbar tauraruwa, tana da wani saurayi tun kafin a fara. Masu saye da dama suka ɗauki abin cin amana, suka yi wa kamfanin ca. Marubutan mutum suka so rubutawa, mai rayuwar da ba ta jira kowa ba, masu sayen kuwa alkawari suka ɗauka an yi musu. A 2009 aka ga ɗaya gefen: wani matashi ya shirya bikin aure a Tokyo da Nene Anegasaki ta wasan Love Plus, aka watsa kai tsaye a intanet, ko da yake doka ba ta san da zamansa ba. Mafi yawan masu karatu dai hanyar alƙalami suke bi. A kasuwar Comiket, wadda aka fara a 1975, dubban masu zane suna sayar da 'yan littattafan da suka buga da kuɗinsu, suna aurar da wadda marubuci ya bari, suna ta da wadda ya kashe. Duk wanda ya ga yadda masu bin littattafan soyayya na Hausa a WhatsApp ke rabuwa gida biyu, 'yan uwargida da 'yan amarya, suna matsa wa marubuciya lamba, ya san irin wannan zafin.

Daga baya marubuta suka sa tauraruwar kanta cikin gardamar. A Kimi to Kanojo to Kanojo no Koi na Nitroplus, 2013, in ka yi wa Miyuki, ɗaya daga 'yan mata biyun wasan, alkawarin har abada sannan ka koma baya don ka gwada ɗaya yarinyar, Miyuki tana sane, kuma za ta ƙwace ikon adana wasan daga hannunka. A 2017 Ba'amurke Dan Salvato ya saki Doki Doki Literature Club kyauta. Monika, shugabar ƙungiyar adabi, ita kaɗai ce ba a rubuta wa hanya ba, kuma ta gane hakan. Sai ta shiga lalata halayen ƙawayenta uku, tana goge su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ita sai mai wasa a ɗaki guda. Ba a wucewa sai mutum ya fita daga wasan, ya buɗe ma'ajiyar fayil a kwamfutarsa, ya goge ta da hannunsa. Salvato gargaɗi ya rubuta. Masoyan Monika kuwa suka haɗa wani ƙari mai suna Monika After Story, don su zauna da ita a ɗakin nan ba ranar tashi.

Kamfanoni sun koyi sauraro, domin akwai kuɗi a ciki. Mystic Messenger na kamfanin Cheritz da ke Koriya ta Kudu ya fito a 2016, yana tafiya da agogon gaske na kwana 11, har da hirar tsakar dare da ke hana masu wasa barci. Wani tauraro mai suna V ba ya cikin waɗanda ake iya so da farko, amma masoyansa suka yi ta roƙo, aka buɗe masa hanya a 2017, aka ƙara ta wani mai suna Ray a 2018.

Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. Tsukihime, wanda Nasu da Takashi Takeuchi suka fara sayarwa a Comiket a Disambar 2000, yana da wata 'yar aji mai suna Satsuki da ke son jarumin a ɓoye. An shirya mata hanya, aka cire kafin fitarwa, ta zama abin tsokana da tausayi a wurin masoya, har kamfaninsu na Type-Moon da kansa ya riƙa yin barkwanci da rashin sa'arta. Da aka sake gina wasan aka fitar da kashi na farko a Agustan 2021, hanyoyin Arcueid da Ciel kawai ke ciki, masoyan Satsuki suka koma jiran kashi na biyu.