Sabunta na'urorin tuƙi a jirgin sama ƙirar gida

Sabunta na'urorin tuƙi a jirgin sama ƙirar gida shi ne aikin cire tsofaffin ma'aunai da rediyo da wayoyin da ke gaban matuƙin ƙaramin jirgin da wani ya haɗa da hannunsa, a maye gurbinsu da na zamani. Galibi aikin ya ƙunshi sauya ma'aunai masu allura da allon kwamfuta, da sake shimfiɗa wayoyin lantarki, da yanka sabon faifan da na'urorin za su zauna a kai. An fi yin sa a Amurka, inda irin waɗannan jirage suka fi yawa, ana kuma yin sa a Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Dalilan da suka fi jawo shi su ne tsufan kaya, da sababbin dokokin sararin sama, da buƙatar ƙarin bayanai a lokacin tafiya.

Jirgin sama ƙirar gida

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana yi wa irin wannan jirgi rajista a rukunin jiragen gwaji. Sharaɗin shi ne mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin ƙirar da kansa, don neman ilimi ko nishaɗi, abin da ake kira dokar kashi 51 cikin 100. Ba a yarda a ɗauki fasinja ko kaya da shi don kuɗi ba. Babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa ita ce EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a shekarar 1953, take kuma gudanar da taron shekara-shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. A Birtaniya ƙungiyar LAA ce ke sa ido kan ƙira da gyaran irin waɗannan jirage.

Yawancin masu ƙirar kan sayi sassan jirgin ne daga kamfani su haɗa a gida. Wanda ya fi shahara shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda jiragensa samfurin RV fiye da 10,000 suka tashi. Jirgin horas da matuƙa na Air Beetle, wanda aka haɗa a Kaduna domin rundunar sojin saman Najeriya, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka samo shi.

Tunda jirgin gwaji ba ya bin tsarin tantancewar da jirgin masana'anta ke bi, mai shi yana da damar sa na'urorin da ba su da shaidar hukuma. Irin waɗannan sun fi araha, kuma sukan riga sauran shiga kasuwa.

Tsohon tsari

Allon gargajiya yana da manyan ma'aunai shida masu allura. Uku daga ciki da matsin iska suke aiki: ma'aunin gudu, da ma'aunin nisa daga doron teku, da ma'aunin saurin hawa ko sauka. Iskar tana shigo musu ta wani ɗan bututu da ke fuskantar gaba, da kuma wata 'yar kafa da ke gefen jirgin. Sauran ukun suna dogara da jairoskof, wato ƙarfe mai juyawa da sauri wanda ba ya son sauya matsayinsa: ma'aunin karkatar jirgi, da ma'aunin alƙibla, da ma'aunin juyi.

A mafi yawan ƙananan jirage, famfon zuƙar iska da ke jikin injin ne ke juya jairoskof na karkata da na alƙibla, na juyi kuwa da lantarki yake aiki. Matsalar famfon ita ce yakan lalace ba tare da wata alama ba. Idan ya tsaya, jairoskof ba ya tsayawa nan take. Yana rage gudu a hankali yana nuna abin da ba daidai ba, kuma matuƙin da ke cikin gajimare zai iya bin wannan kuskure har jirgi ya kuɓuce masa.

Sabon tsari

A sabon tsari, allo ɗaya ko biyu ne ke nuna duk waɗannan bayanai. Ana kiran tsarin EFIS. A maimakon ƙarfe mai juyawa, wasu ƙananan na'urorin ji irin waɗanda ke cikin wayar hannu ne ke auna motsin jirgin, kwamfuta ta haɗa sakamakonsu da na matsin iska da na ma'aunin maganaɗisu da na GPS. Allon yakan nuna taswira, da tsaunukan da ke gaba, da zafin kowace silindar injin, da yawan man da ake sha. Ana iya haɗa shi da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta.

Kamfanin Dynon Avionics ya fito da EFIS-D10 a shekarar 2003 domin masu jiragen ƙirar gida, daga baya ya fito da SkyView. Garmin yana da G3X da ƙaramin G5. Akwai kuma GRT Avionics na Amurka da MGL Avionics na Afirka ta Kudu. A shekarar 2016, EAA da Dynon suka samu izinin FAA na sa EFIS-D10A a wasu jiragen masana'anta irin su Cessna 172, wato na'urar da ta fara daga jiragen gwaji ta shiga jiragen da aka tantance.

Dokokin da ke tilasta sauyi

Daga ranar 1 ga Janairun 2020, Amurka ta wajabta na'urar ADS-B a kan jiragen da ke shiga sararin da ke da cunkoso, ciki har da kewayen manyan filayen jirgin sama har kimanin kilomita 55, da mafi yawan sararin da ya haura ƙafa 10,000. Na'urar tana watsa matsayin jirgi da nisansa daga ƙasa ga masu kula da zirga-zirga da sauran jirage, a kan mita 1090 ko 978 na megahaz. Daga ƙafa 18,000 zuwa sama, ta 1090 kawai ake karɓa.

A Turai, an buƙaci rediyon da ke iya raba tashoshi da tazarar kilohaz 8.33 daga farkon shekarar 2018, abin da ya sa tsofaffin rediyo da yawa suka daina amfani. Haka nan, tun ranar 1 ga Fabrairun 2009 taurarin ɗan adam na Cospas-Sarsat suka daina sauraron na'urar neman agaji mai mita 121.5, sai mai 406, don haka masu jirage da dama suka sauya tasu.

Matakan aiki

Aikin yana farawa da tantance irin tafiyar da za a riƙa yi. Jirgin da ke tashi da rana cikin sarari mai haske bai buƙatar abin da mai ratsa gajimare ke buƙata. Daga nan sai lissafin wuta: a tara abin da kowace na'ura ke ja, a gwada da ƙarfin altanetar injin. Littafin jagora na FAA mai lamba AC 43.13-1B ya ba da shawarar kada abin da ake ja a kai a kai ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta.

Bayan haka ake zana allon a yanka shi, galibi daga faifan alminiyom. Ana amfani da wayar jirgi mai rigar Tefzel wadda ke jure zafi, a ba kowane layi fis ɗinsa, a tara wayoyin dawowar wuta wuri guda don kada ƙara ta shiga rediyo. An fi matse kawunan waya da filaya ta musamman a kan liƙe su da dalma, domin girgizar injin kan karya waya a bakin dalmar. Ma'aunin maganaɗisu kuwa a kan kai shi bakin fiffike ko cikin jelar jirgi, nesa da baƙin ƙarfe da manyan wayoyi, sannan a saita shi a ƙasa ta hanyar juya jirgin zuwa kowace kusurwa.

Cire famfo da tsofaffin ma'aunai yana rage nauyin gaba, wanda ke sauya daidaiton jirgin. Saboda haka a kan sake lissafin nauyi ko a ɗora jirgin a sikeli. Ana kuma gwada bututun iska don a tabbatar ba ya yoyo. A Amurka, na'urar da ke amsa wa radar dole a gwada ta duk wata 24. Idan sauyin ya kai matsayin babban sauyi bisa takardar sharuɗɗan jirgin, sai a koma tashin gwaji na aƙalla awa 5 kafin a ɗauki wani.

Haɗari da muhawara

Sabon tsari yana kawar da dogaro ga famfo, amma yana ɗora kusan komai a kan lantarki. Idan allo ɗaya ne ke nuna gudu da nisa da karkata, mutuwarsa tana tafiya da su gaba ɗaya. Shi ya sa ake sa batir na biyu, ko altaneta ta biyu, ko ƙaramin ma'auni mai batirin kansa. Wasu kan zaɓi na wani kamfani daban, don kada kuskuren manhaja guda ya shafi duka biyun.

A shekarar 2010, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari kan ƙananan jiragen masana'anta masu allon kwamfuta. Ta gano cewa jimillar haɗurransu ta yi ƙasa da ta masu tsohon allo, amma haɗurran da ake rasa rai sun fi yawa, ta kuma ba da shawarar ƙarin horo kan kowace na'ura. A wani nazarin na 2012, hukumar ta ce jiragen ƙirar gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na jiragen da ba na haya ko na soja ba a Amurka, amma su ke da kimanin kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka rasa rai a 2011.

Wurin da aka sa abu ma yana da tasiri. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a ranar 12 ga Oktoban 1997 a jirgin Long-EZ da wani ya ƙera, wanda aka sa makunnin sauya tankin mansa a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, saɓanin yadda zanen asali ya nuna. NTSB ta sa wahalar kai hannu ga makunnin da rashin sabawa da jirgin cikin abubuwan da suka jawo haɗarin. Masu horaswa kan shawarci matuƙi ya koyi sabon allo a ƙasa, ya kuma fara tashi da shi a yanayi mai kyau kafin ya dogara da shi cikin gajimare.