Tantance Ƙwayoyin Cutar Karnuka: Daga Landan Zuwa Samaru

Bakteriyofej wani nau'in bairas ne da ba ya kama mutum ko dabba, sai bakteriya. Yakan shiga cikinta ya hayayyafa har ta fashe. Frederick Twort ya fara lura da shi a Landan a 1915, sannan Félix d'Hérelle ya gano shi a Faris a 1917, ya kuma raɗa masa suna.

Kowane bakteriyofej yana da irin bakteriyar da yake ci, ba kasafai yake taɓa wata ba. Wannan tsirfa tasa ita masana suka mayar ma'auni. A 1938 Craigie da Yen suka rarrabe ƙwayoyin taifod da ita a Toronto, daga baya aka gwada ta kan Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru da ƙuraje. Aikin ba shi da wuya: a shimfiɗa bakteriyar a faranti, a ɗiga mata bakteriyofej iri-iri, kowanne a gurbinsa, a bar ta ta kwana. Inda aka cinye ta sai wurin ya washe, kuma jerin guraben nan shi ke nuna zuriyarta.

Da aka zo kan karnuka sai aka yi turus. Bakteriyofej ɗin da aka tanada don ƙwayoyin mutane ba su cin mafi yawan waɗanda ake samu a ƙurajen kare da ciwon kunnensa, har sai da likitocin dabbobi suka nemo nasu daga jikin ƙwayoyin karnukan. Gazawar ta yi rana, domin ta nuna cewa ƙwayar kare daban take. A 1976 wani masani mai suna Hájek ya ware ta da sunan Staphylococcus intermedius. A 2005 aka bayyana Staphylococcus pseudintermedius, wadda aka tabbatar ita ce ta fi addabar karnuka.

A ƙasar Zazzau kuwa, inda mafarautan ƙauyukan gindin dutsen Kufena suka daɗe da sanin darajar kare, likitancin dabbobi na zamani da shanu ya soma. Annobar bushiya ta sa Turawan mulki suka kafa sashen dabbobi a Zariya, kafin a mayar da ɗakin bincikensa Vom a 1924. Kare ya samu kulawa sosai bayan an buɗe tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. A can aka bi diddigin haukan kare, aka kuma nazarci ƙwayoyin Staphylococcus na karnuka da haɗarinsu ga masu hulɗa da su. Yanzu nazarin ƙwayoyin gado ya karɓi aikin tantancewar, bakteriyofej kuwa ana gwada shi a matsayin magani ga ƙwayoyin da suka gagari magunguna.