Mutumin Tasawa da ya yi wa rana aiki kafin zuwan sola

Idan muka sa farantin sola a kan rufin gida a cikin labaranmu, muna ɗaukarsa kamar baƙon kaya da ya sauka daga Sin jiya-jiya. Farantin baƙo ne, gaskiya. Amma tunanin sa rana aiki ya daɗe a yankinmu, kuma yana da mai suna.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, ƙasar Maraɗi, a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, ya dawo ya koyar. A shekarun 1960 ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, sannan a 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, a Yamai.

Abin lura shi ne ba lantarki ya fi damunsa ba, zafi ne. Farantin siliki na farko mai amfani ya fito daga Bell Labs a Amurka a 1954, yana mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa lantarki, kuma tsadarsa ta sa tauraron ɗan'adam ne ya fara morarsa. Talakan Sahel ba shi da rabo a nan. Saboda haka ONERSOL ta bi ta wata hanya: baƙin ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, wanda ke tsare zafi ya dafa ruwan wanka, tukunyar tace ruwa, murhu mai madubi lanƙwasasshe da ke tara haske wuri guda a gindin tukunya. Kaya ne da maƙerin gida zai iya haɗawa ya gyara. Wanda ya san yadda neman itacen girki ke cinye daji da yinin mata, ya san murhun nan ba wasan ɗakin gwaji ba ne.

Tashin farashin mai a 1973 ya sa duniya ta saurari irin su. Da farashin ya karye a tsakiyar shekarun 1980, kasuwar yuraniyom ɗin Nijar ma ta faɗi, sai hankali ya koma wani wuri. Moumouni ya rasu a 1991. Jami'ar Yamai, wadda ya taɓa shugabanta, ta ɗauki sunansa.

Yamai kuwa ta ci gaba da shan wuta daga Najeriya, ta layin Birnin Kebbi, daga madatsar Kainji. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, aka katse layin. Ƙasar da ke sayo mafi yawan lantarkinta daga maƙwabciya ta wayi gari cikin ɗauke-ɗauken wuta, rana na ƙuna a kanta. Kafin shekarar ta ƙare aka kunna tashar sola ta Gorou Banda, mai megawat 30, a bakin birnin. Farantanta daga waje aka kawo su.