Daga Kwazazzabo Zuwa Ƙofar Kabuga

Idan ana hirar yaƙe-yaƙen da, abin da aka fi kawowa shi ne jarumtaka. Wane ƙarfe ba ya cinsa, wane shi kaɗai ya kori dawaki ɗari, wane kuwa ko gezau ba ya yi. Makaɗa da maroƙa su suka saba mana da haka, kuma ba laifinsu ba ne, domin babu wanda zai ba maroƙi riga don ya wasa tudu ko kwari. Amma fa duk wanda ya zauna ya bi tarihin nan a tsanake zai tarar cewa sau da yawa tun kafin a zare takobi an riga an ci yaƙin ko an faɗi, saboda wurin da aka zaɓa aka tsaya. Wannan shi ne abin da nake so mu ɗan tattauna, ya kai mai karatu, kuma ba sai mun yi nisa ba, a nan ƙasarmu ta yammacin Kano maganar za ta fara.

Sojan Amurka tun 1921 suka rubuta ƙa'idojin yaƙi guda tara a cikin littattafan horon hafsoshinsu. Daga ciki akwai cewa ka san abin da ka fito nema, ka tara ƙarfinka wuri guda a daidai lokacin da ake bukata, shugaba ya zama ɗaya, sannan ka zo wa abokin gaba ta inda bai zata ba. Game da fili kuwa, suna koya wa hafsa ya tambayi kansa: daga ina zan hangi abokin gaba in harbe shi, ina zan fake, me zai tare shi a hanya, wane wuri ne wanda ya riƙe shi ya riƙe yaƙin, kuma ta wace hanya zai ɓullo? Kakanninmu ba su jera waɗannan a takarda ba, amma duk Madaki ko Sarkin Yaƙin da ya amsa sunansa ya san su, wanda bai sani ba kuwa jikinsa ne ya gaya masa.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Da labari ya iso ƙasar Kano, almajiransa na nan su ma suka yanke shawarar su bar garuruwansu su taru wuri guda. Akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir da Malam Abdurrahman na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Dabon Dambazau, da Malam Usman Bahaushe. Sunan da suke kiran kansu da shi shi ne Jama'a, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Gwarzo. Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta tarihin wannan jihadi a littafinsa Taƙyidul Akhbari, ya nuna cewa wurin da suka yi sansani shi ne Kwazazzabon 'Yar Kwando, wajen mil 30 yamma da birnin Kano.

To, dubi sunan wurin kawai. Kwazazzabo. Me ya sa malamai masu iyali da shanu da littattafai za su bar fili mai daɗin zama su nufi kwazazzabo? A ganina amsar tana ga irin makamin da kowane ɓangare yake da shi. Ƙarfin Sarkin Kano Muhammadu Alwali yana ga dawaki. Barade ne masu sulke da kwalkwali, ga kuma 'yan lifidi waɗanda aka lulluɓe su da dawakinsu da auduga mai kauri don kada kibiya ta ratsa. Irin wannan runduna idan ta sami fili shimfiɗaɗɗe ta yi sukuwa, babu dakaren da zai tsaya a gabanta. Amma dokin lifidi nauyi gare shi, ba ya tsallake rami, ba ya juyawa da sauri, kuma idan rana ta take yakan gaji tun kafin a je ko'ina. Jama'a kuwa yawancinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, makiyaya da suka san kowane lungu na dajin. Abin da ɗan baka yake so shi ne doki ya rage gudu a gabansa, ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, ya sami damar saka masa kibiya mai dafi a inda lifidi bai rufe ba. Kwari da zaizayar ruwa da sarƙaƙiya su ne ke yi masa wannan aikin kyauta.

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu ya san haka take. Kogin Calawa da rafukan da ke zuba a cikinsa sun yayyanka ta, shi ya sa ma gwamnati ta sami wurin datse ruwa a Ƙaraye, madatsar da aka gama a 1992. Manomi yana kukan kwazazzabo yana cinye masa gona, alhali irin wannan ramin ne ya taɓa zama ganuwar waɗanda ba su da ganuwa.

Sarki Alwali kuma ya taimaka musu da kansa ba da saninsa ba. Maimakon ya tara rundunarsa gaba ɗaya ya auka musu tun suna 'yan kaɗan, sai ya riƙa aikowa da ita guntu-guntu. A aiko da ƙaramar runduna a kore ta, a aiko da wadda ta fi ta a sake kora. Kowace nasara kuwa tana bar wa Jama'a dawaki da makamai, tana kuma jawo musu waɗanda da suke tsaye suna kallon inda iska za ta kaɗa. Raina kama ka ga gayya ke nan. Daga nan Jama'a suka fito daga maɓoyarsu suka bi ta Gammo da Kabo da Masanawa, aka gwabza a Godiya, garin Ɗan Tama, sannan Ƙaraye ta faɗa hannunsu. Waɗannan garuruwa duk suna nan, motocin kasuwa suna bi ta cikinsu kullum, amma ɗalibai nawa ne a makarantunmu aka taɓa gaya musu cewa a nan aka fara karya mulkin da ya shekara ɗaruruwa a Kano?

Lokacin da Alwali ya tara ƙarfinsa sosai, har da gudummawa daga Katsina da Daura, aka haɗu a Ɗanyaya arewa da birni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jama'a sun yi yawa, sun kuma saba da dawaki ba sa tsoronsu. Aka karya shi a nan, ya bar birni ya nufi Zariya, daga baya ya koma Burumburum inda aka kashe shi a 1807.

Irin wannan ne ya faru can ƙasar Gobir a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804. Mutanen Shehu, ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Da barden Yunfa suka matso su ta dama da hagu, sai 'yan baka suka dunƙule wuri guda suka yi ta ruwan kibau, dawaki suka kasa fasa su. Ka riƙe wannan dunƙulewa a zuciyarka, za mu sake gamuwa da ita.

Su ma Amurkawa da jini suka sayi wannan ilmi. A yaƙin basasarsu, a garin Getisbag, an kwana uku ana fafatawa daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863. Ranar farko an kori sojan Arewa daga garin, amma da suka ja da baya sai suka haye tuddan da ke kudu da shi suka kafe. Rana ta uku Janar Lee na Kudu, wanda ake ganin babu gwani kamarsa a lokacin, ya tura mutum wajen 12,500 su ratsa fili fetal na kusan mil guda su hau tudun, alhali masu bindiga da igwa suna fake a bayan katangar duwatsu suna jiransu. Kusan rabinsu aka kashe ko aka raunata ko aka kama. Jarumtaka kam sun nuna ta, babu mai musu.

Mu dawo gida. Abin mamaki shi ne, da Jama'a suka ci ƙasa suka zauna a birni, sai su ma suka koma mutanen dawaki da ganuwa, wato suka gaji ƙarfin Alwali tare da rauninsa. Malaman da suka bar ƙasar Kano wajen 1846 tare da Malam Hamza suka shige duwatsun Ningi, sun shekara fiye da hamsin suna addabar kudancin Kano. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha kai musu yaƙi, amma doki ba ya hawa dutse, sai dai a ƙone gonaki a komo. Ta arewa maso yamma kuma ga Maraɗawa, musamman zamanin Ɗan Baskore. Su dajin Rugu ne hanyarsu, su ratso ta ciki ba a gansu ba, su faɗa wa kudancin Katsina da yammacin Kano, su kwashi mutane da dabbobi, kafin a yi gangami a birni sun koma. Abin da sarakuna suka iya yi shi ne su ƙarfafa garuruwan bakin iyaka da ganuwa da gwalalo da shingen ƙaya, a zuba mayaƙa su zauna ribaɗi. Wannan daji na Rugu dai shi ne 'yan bindiga suka mayar mafaka a zamaninmu, sai dai babur ya maye gurbin doki. Duk mai neman maganinsu da bai fara da tambayar ta ina suke ɓullowa, ina suke shan ruwa, ina suke sayen mai ba, aikin Alwali yake maimaitawa.

Sai kuma 1903. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da soja ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. A Bebeji harsashin igwa ya fasa ƙofar gari, sarkin garin ya rasu a nan. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano. Sarki Alu ba ya nan, ya tafi Sakkwato da dawaki wajen dubu biyu, ya bar Sarkin Shanu da tsaron gari. Ganuwar Kano ba abin wasa ba ce, kewayenta ya haura mil 11, tsayinta a wasu wurare ƙafa 30 zuwa 50, har Gwamna Lugga da ya gan ta ya yi mamaki. Kuma ta yi aikinta daidai gwargwado, domin igwa ta yi ta dukan Ƙofar Dukawuya ba ta fasa ba, saboda an gina ƙofar a lanƙwashe yadda ba a samunta kai tsaye. Amma ganuwa mai tsawon mil 11 tana bukatar mutanen da za su tsare kowace kusurwa, ga shi kuwa mayaƙan suna hanyar Sakkwato. Turawa suka zagaya zuwa Ƙofar Kabuga, wadda duk mai shiga birni daga Gwarzo ya san ta, suka fasa suka shiga. Kafin azahar an gama.

Rundunar da ta tafi Sakkwato tana kan hanyar komowa ta ji labari. Sarki Alu ya rabu da ita cikin dare, Wambai Abbas ya ja wani kashi ya nufi Kano, Waziri Ahmadu kuma ya ja sauran da niyyar yaƙi. A kusa da Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairu, suka ci karo da wani Laftana mai suna Wright da soja arba'in da 'yan kai kacal. Sojan suka sauka daga dawakinsu suka dunƙule suka yi murabba'i, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, bakin bindiga yana duban kowace fuska. Barden Kano suka yi ta sukuwa a kansu, sahu bayan sahu, wajen awa biyu, har wasu suna faɗuwa 'yan taku kaɗan daga bakin bindiga. Waziri Ahmadu ya yi shahada a nan, Allah ya jiƙansa. Shekara 99 bayan Tafkin Kwatto, jikokin 'yan bakan da suka dunƙule suka karya dawaki su ne a kan dawaki, wasu kuma suka dunƙule musu. Haka aka sake yi a Sakkwato ranar 15 ga Maris, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fito bayan ganuwa ta ja daga a filin Giginya, daidai inda bindiga mai ruwa take so.

Kada wani ya ce ai bindiga ce kawai, babu dabarar da za ta yi. A Burmi, inda aka tsaya a bayan ganuwa da ramuka, an kori Turawa a harinsu na watan Mayu 1903, sai da suka sake shiri suka komo ranar 27 ga Yuli, kuma a ranar ma sun rasa kwamandansu Manjo Marsh. A Satiru kuwa, kudu da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa ne masu gatari da fartanya suka auka wa sojan dawaki tun ba su gama haɗa murabba'insu ba, bindiga mai ruwa ma ba a kai ga kafa ta ba. Suka kashe Turawa uku da soja 25, suka ƙwace bindigar. Da Turawa suka komo ranar 10 ga Maris da runduna babba, sai mutanen Satiru suka fito fili suka tare su gaba da gaba, wannan karon kuwa murabba'in a haɗe yake. Aka kashe mutum wajen dubu biyu, aka rushe garin, aka hana kowa sake zama a wurin.