Yadda jiragen sama suka fara sauka a Damagaram

Kafin a ji rugugin inji a sararin Damagaram, ayarin raƙuma ne ke haɗa birnin da duniya: su taso daga Tarabulus, su biyo ta Gat da Agadas, su sauke kaya a unguwar Zongo. Faransawa sun ci garin a 1899, shekara guda bayan kashe hafsansu Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedkwatar mulkinsu a Nijar. Shi ya sa da suka fara shata hanyar sama zuwa Tafkin Chadi, ba su tsallake Damagaram ba.

Hanyar ta ci rayuka. A 1920 Janar Laperrine na Faransa ya mutu a Sahara bayan jirginsa ya faɗi. A Fabrairun 1925 wani jirgin sojan Faransa mai inji huɗu da ya nufi Chadi ya rikito a Yamai yana cikin tashi. A shekarar dai Edmond Thieffry, ɗan Beljiyam, ya yada zango a Damagaram kan hanyarsa ta zuwa Kwango, tafiyar da ta ɗauke shi kwana 51. Ranar 1 ga Nuwamba kuma jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar.

Jiragen wancan zamani fukafukai biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, an daddaure da wayoyi, galibin jikin katako da yadi. Matuƙi na zaune kansa a waje, tabarau ne kawai ke kare idonsa daga ƙura. Man da jirgin zai sha kuwa sai an riga an kai masa ta ƙasa.

Irinsu ne, samfurin Potez 25 har guda 28, Janar Vuillemin ya jagoranta a ƙarshen 1933, suka zagaya Gao, Bamako, Dakar, Yamai, Damagaram, har Bangi. Ba ɗan Damagaram aka zo ɗauka ba. An zo ne sarki da talaka su ɗaga kai su ga ƙarfin mai mulki. Sai a tsakiyar shekarun 1930 jiragen wasiƙu da fasinja na Air Afrique da Sabena suka fara sauka a kai a kai.

Da aka samu jirage masu dogon zango bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Kano ta kwashe harkar. Abin da ke damuna shi ne kusan duk labarin daga alƙalamin matuƙan ya fito. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou su shiga unguwannin Birni da Zongo, su tattaro abin da dattawa suka ji daga bakin iyayensu, tun da sauran masu faɗa.